Babi na Biyar: Wa Ake Tuhuma Idan Rumbu Ya Ƙare?

A Dogon Dutsi, haka ma a Tibiri, Gecheme da Matankari, da wuya a ratsa unguwa da yamma ba a tarar da samari sun yi da'ira a bakin hanya ba, ga ɗan murhun waya da butar shayi a tsakiya, ga sunan ƙungiyarsu an rubuta a jikin bango. Fada ke nan. Dattawa suna kiran abin zaman kashe wando, kuma sun riga sun yanke hukunci: yaran yanzu ba sa son wahala, sun raina hauya, hira da shayi sun fi musu daɗi. Samarin su ma amsarsu a bakinsu take: babu aiki, gwamnati ta manta da su, gonar gado ba ta isar 'ya'yan gida. Adeline Masquelier, mai nazarin rayuwar al'umma da ta soma aiki a Dogon Dutsi tun ƙarshen shekarun 1980, ta rubuta littafi guda a kan fada wanda ya fito a 2019. A ciki ta nuna cewa wannan salon zama ya yaɗu ne a shekarun 1990, daidai lokacin da ƙofar aikin gwamnati ta rufe a fuskar waɗanda suka gama lakwal. Kuɗin uraniyum ya ja baya tun shekarun 1980, masu ba da bashi na duniya sun sa an tsuke ɗaukar ma'aikata, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Duk da haka ba a daina tambayar ba: laifin yaron ne, ko laifin zamanin da ya tarar?

Inda aka fi yin wannan gardama da zafi shi ne Amurka, a kan talaucin baƙar fata. A 1965 wani jami'in ma'aikatar ƙwadago, Daniel Patrick Moynihan, ya fitar da rahoto yana cewa rugujewar iyali na cikin manyan abubuwan da ke riƙe baƙaƙe a talauci. A 1984 Charles Murray ya ƙara gaba, ya ce tallafin da gwamnati ke bai wa matalauta shi ke koya musu zaman jira. William Julius Wilson, wanda shi kansa baƙar fata ne, ya mayar da martani a 1987 da abin da ya gani a unguwannin Shikago: masana'antu ne suka tashi, aiki ya tafi, aure da kwanciyar gida suka bi bayansa. A 1996 shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta rage tallafi, kuma an saka maganar ɗaukar alhakin kai a cikin sunan dokar. Binciken babban bankin ƙasar na 2022 ya nuna dukiyar matsakaicin gidan farar fata ta kai kusan ninki shida na ta gidan baƙar fata. Masu ra'ayin riƙau sun dubi wannan lissafi sun ga hali. Masu ra'ayin sauyi sun dube shi sun ga tarihin bauta, wariya, da shekarun da aka hana baƙaƙe bashin sayen gida. Abin da ya kamata mai karatu ya lura da shi, yawancin masu gardamar sun zaɓi ɓangare ne kafin su buɗe takardun, sai siyasarsu ta gaya musu abin da za su gani a ciki.

Matsayina a nan shi ne alhaki gaskiya ne, ba wanda zai kore shi, amma ana auna shi ne da gwargwadon ikon mutum da zaɓin da ke gabansa. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haka. Ba a kama yaro, ko wanda hankalinsa ya gushe, ko wanda aka tilasta, da abin da ake kama baligi mai 'yancin kansa, kuma sananne ne cewa halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Daga nan abu biyu suke fitowa. Alhaki na mutum ɗaya ne, mai suna da aiki sananne. Da zarar an ce "baƙaƙe haka suke", ko "Buzaye haka suke", ko "samarin yanzu haka suke", an bar maganar alhaki an koma yanke hukunci a kan haihuwa, alhali ba wanda ya zaɓi cikin da zai fito. Sannan idan iko ne ma'auni, to wanda ya fi kowa iko shi ya fi kowa alhaki. Tarihin wannan yanki kuwa yana nuna akasin haka ake yi: wanda ke riƙe da iko shi ya fi kowa saurin yi wa talaka wa'azin tashi tsaye, kuma yakan yi ne a daidai ranar da ya kamata a tambaye shi nasa aikin.

Shekarar 1931 ta isa shaida. Fari ya yi ɓarna, fara ta cinye abin da ya rage a yammacin Nijar, har da ƙasar Dosso, dubban mutane suka mutu, wasu suka tsallaka zuwa ƙasar Sakkwato da Kabi da ke hannun Ingilishi. Gwamnan mulkin mallaka na lokacin, Louis Blacher, da wasu kwamandojinsa sun jingina masifar ga halin mutanen ƙasa: ragwanci, rashin tanadi, miƙa wuya ga ƙaddara. Amma a cikin shekarun nan ba a sassauta lanho, wato haraji, ba. Ana karɓarsa da kuɗi, wanda ke nufin dole manomi ya sayar da hatsin da zai ci, ko dabbar da zai dogara da ita, ko ya tura ɗansa ƙetare neman kuɗin. Aikin tilas na hanyoyi da gine-ginen bariki yana kwashe majiya ƙarfi daga gonaki. Sufeto Bernard Sol, wanda Faransa ta aiko ya bincika, ya ɗora babban laifi a kan hukumar mulkin mallaka, kuma masanin tarihi Finn Fuglestad, da ya bi takardun daga baya, ya kai ga irin wannan sakamako. Wato mutumin da aka kira rago, shi ne wanda aka ɗauke masa ɗa lokacin noma, aka ƙwace masa tanadi lokacin kaka, sannan aka zarge shi da rashin tanadi. Maganin da aka fito da shi ma ya bi layin zargin: rumbun tsimi na dole, wanda kowane gari zai zuba hatsi a ƙarƙashin idon kwamanda, kamar dai mutanen da suka shekara ɗaruruwa suna noma a kwarin Dallol Mawri ba su san amfanin rumbu ba sai da aka koya musu. Ba a soke aikin tilas ba sai a 1946. Wannan mulki da ya shigo Arewa, wato yankin Dogon Dutsi, da wuta a 1899, lokacin da rundunar Voulet da Chanoine ta ƙone Lugu bayan turjiyar Sarauniya Mangu, ya tafi a 1960 ya bar ƙasa da kashi 5 cikin 100 na yaran Nijar a makaranta. Duk wanda zai yi maganar rashin ilimin ƙauyukan Arewa a yau, ya soma lissafinsa daga nan.

Zai yi daɗin baki a tsaya a kan Nasara, amma ba su kaɗai ke auna mutum da jininsa ba. Muna da namu awon, sunansa asali. A Arewa kanta, kamar yadda Marc Piault ya bayyana a tarihin Mawri da ya wallafa a 1970, akwai rabo tsakanin Gubawa, masu ƙasa na farko waɗanda Sarauniyar Lugu ke tsakiyar al'adunsu, da Arawa masu sarauta. Wannan rabo ne na matsayi da aiki, ba lallai na wulaƙanci ba. Wanda ke ciwo shi ne tabon bauta. Sai a 2003 Nijar ta sa bautar da mutum cikin laifuffukan da ake ɗaure mutum a kansu, bayan gwagwarmayar ƙungiyoyi irin su Timidria da aka kafa a 1991. A yankin Ƙonni, maƙwabcin Dogon Dutsi ta gabas, an sayar da Hadijatou Mani a 1996 tana da shekara 12 a kan sefa 240,000. Da ta sami takardar 'yanci ta auri wanda take so, sai ita aka ɗaure da laifin aure kan aure. Sai a ranar 27 ga Oktoba 2008 kotun ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta ce gwamnatin Nijar ta gaza kāre ta, ta umarci a biya ta sefa miliyan 10. Shari'arta ta yi suna, amma illar da ta fi yawa ba ta zuwa kotu. A ƙasar da gona ce dukiya, al'ada tana bai wa zuriyar wanda ya sari daji haƙƙin ƙasa, kuma dokar karkara ta 1993 ta amince da haƙƙin al'ada. Wanda kakansa ya sari dajin da sunan ubangidansa, aro yake nomawa. Mai aron gona ba ya gina rijiya a cikinta, ba ya dasa itace, domin za a ce yana neman mallaka, kuma ba ya zuba taki da yawa tunda bai san ko baɗi za a bar masa ita ba. Daga baya a dubi gonarsa a ce ba shi da zuciya, a ce abin a jini yake. Ga shi nan, irin hukuncin da muke jin zafinsa idan Bature ya yi wa baƙar fata, mu ma muna yi wa na kusa da mu, kuma na fi ganin munin namu domin mun san ɗacinsa.

A 2005 an sake ganin wannan hali, wannan karon a hannun gwamnatin 'yan ƙasa. Daminar 2004 ta zo da fari da fara, aka sami giɓin hatsi na kimanin tan 223,000. Giɓin bai kai a ce hatsi ya ƙare a ƙasa ba. Yana nan a kasuwa, kuɗinsa ne ya ninka fiye da biyu ya fi ƙarfin talaka, abin da Amartya Sen ya bayyana tun 1981: ana iya mutuwa da yunwa a gaban cikakken shago. A farkon shekarar aka ɗora harajin kashi 19 cikin 100 a kan kayan masarufi irin su madara, fulawa da sukari, har ƙawancen ƙungiyoyin yaƙi da tsadar rayuwa ya tsayar da harkoki a Yamai da sauran birane, gwamnati ta ja da baya. Watanni ana ƙin raba abinci kyauta, ana sayar da shi da rahusa ga mutanen da ko rahusar ba su da ita, da hujjar kada a ɓata kasuwa, kada a koya wa jama'a dogaro. A watan Agusta shugaba Mamadou Tandja ya gaya wa BBC cewa babu yunwa, mutanensa a ƙoshe suke. A 2005 ɗin ƙungiyar likitoci ta MSF ta yi jinyar yara sama da 60,000 masu tamowa mai tsanani, mafi yawansu a jihar Maradi, rumbun ƙasa. Da aka nemi dalili, sai wasu suka juya kan iyaye mata: ba su iya yaye ba, al'ada ta hana su ba yaro ƙwai, jahilci ne. Akwai ƙamshin gaskiya a wasu daga cikin waɗannan. Sai dai al'adar yaye ba ta canja ba tsakanin 2003 da 2005, kuɗin tiyar hatsi ne ya canja. Wanda ya fi kowa rauni a cikin jerin, wato matar ƙauye da ba ta riƙe da mabuɗin rumbun mijinta, ita aka ɗora wa kayan, aka bar mai sa haraji da mai ɓoye buhuna a sito.

Mu koma ga samarin fada, mu tambayi abin da suke yi idan ba a ganinsu a bakin hanya. Da yawansu sun yi noman damina. Da an kai amfani gida sukan tafi cin rani, wasu Sakkwato, Argungu, Birnin Kabi da Kamba, wasu har Legas, Kwatano da Abijan, su yi dako, ga-ruwa, tallan shayi, gadi. Waɗanda suka zauna suna kabu-kabu, suna sayar da man fetur a kwalba a gefen babbar hanyar Yamai zuwa Ƙonni, suna buga tubali. Wannan ba tarihin ragwaye ba ne. Kuma duk waɗannan sana'o'i suna rataye ne a kan iyakar da Faransa da Ingila suka ja a farkon ƙarni na 20, wadda ta bar wasu Arawa a Dosso wasu a jihar Kabi ta Najeriya. Najeriya ta rufe iyakar daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020. A ƙarshen Mayun 2023 ta janye tallafin mai, ribar ɗan kwalba ta narke. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023, takunkumin CEDEAO ya sake rufe hanya har zuwa farkon 2024. Babu ɗaya daga cikin waɗannan shawarwari da aka yanke a fada. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 370,000 a gundumar Dogon Dutsi da kimanin 270,000 a ta Tibiri, wadda aka ɗaga zuwa gunduma a 2011, kuma jama'a na ƙaruwa a kan ƙasar noma da ba ta ƙaruwa. Gonar da kaka ya ciyar da gida guda da ita, yau jikoki da yawa ke kallonta.

Za a ce mini wannan hanya ce ta wanke talaka daga kowane laifi, kuma mutumin da aka gaya masa ba laifinsa ba ne ba zai taɓa motsawa ba. Wannan suka tana da nauyi, ba zan yi mata riƙon wasa ba. Akwai abubuwan da ke hannun mutanen Arewa, ba hannun Faransa ko Bankin Duniya ba. Magidancin da ya sayar da rabin rumbu da kaka don ƙara aure, alhali ya san bazara na tafe, shi ya yi zaɓin. Uban da ya cire 'yarsa daga aji ya aurar da ita tana ƙarama, a ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ake aurar da su kafin shekara 18, shi ya yi zaɓin, kuma tun Disamban 2017 akwai dokar gwamnati da ta tanadi a kāre karatun 'ya mace. Saurayin da ya dawo daga cin rani da kuɗi ya ƙarar da su a tiramol, shi ma haka. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Amma a duba da kyau, ma'aunin da na kafa bai sauya ba. A kowane misali mai laifin shi ne mai iko a wurin: mai mabuɗin rumbu, mai ikon ɗaura aure, mai kuɗi a aljihu. Yarinyar da aka aurar ba ta da alhaki, haka ɗan da za ta haifa cikin rashi. Kuma ina kiran mutum ne da abin da ya aikata, ba ƙabilarsa ko zuriyarsa ko tsararsa ba. Irin wannan tuhuma ana iya yin ta a zaure, a masallaci, a gaban mai gari, kuma tana iya gyara wani abu, domin wanda aka tuhuma yana da ikon canjawa. Tuhumar jinsi kuwa ba ta bar wa kowa abin yi ba.

Masu ra'ayin sauyi su ma suna da tasu mafakar, kuma a 'yan shekarun nan ita ta fi cika. Tun zamanin Sawaba ta Djibo Bakary a Nijar da NEPU ta Malam Aminu Kano a Najeriya, akwai al'adar siyasa mai daraja da ke cewa talauci ba ƙaddara ba ne, zalunci ne mai masu aikata shi. Darajar wannan al'ada ita ce ta ambaci azzalumin gida tare da na waje, ta kira sarki da ɗan kasuwa da alƙali da sunayensu. Abin da ake yi yanzu sau da yawa ya bambanta. Ana ɗaukar gaskiyar tarihi, wato Lugu, lanho, uraniyum ɗin Arlit da aka kwashe shekara da shekaru, a mayar da ita bargon da kowane mai muƙami zai lulluɓa. Ma'aikacin da ya karkatar da takin da aka aiko wa manoma ba Faransa ce ta riƙe masa hannu ba. Haka wanda ya bar malaman kwantiragi watanni ba albashi har aji ya zauna ba kowa, haka wanda ya raba hatsin rahusa ga 'yan jam'iyyarsa. Mai cewa komai laifin talaka ne da mai cewa komai laifin waje ne, rigarsu ta siyasa daban, amma amfanin maganarsu ɗaya ne ga mai ofis a Dosso ko Yamai, domin a duka biyun sunansa ba ya fitowa.

Hujjar da masu wa'azin ƙoƙari suka fi so a Dogon Dutsi ita ce dankalin Turawa. Gaskiya ne, lambunan rani da ke kewayen garin, musamman wajen Tapkin Saw, sun sa sunan Dutsi ya kai kasuwannin Yamai, kuma mutanen da ke aiki a cikinsu tun asuba irin samarin nan ne da ake kira ragwaye. Sai a ce, ga shi, wanda ya tashi ya samu. Amma lambun bai tsiro daga hali kaɗai ba. Ruwa yana kusa a cikin dallol, an yi rijiyoyi, manoma sun haɗu a ƙungiya, an sami hanyar kawo iri da bashin sayensa, ƙawancen garin da Orsay ta Faransa ya taimaka, ga kwalta mai kai kaya birni. Matashin Dogon Kiriya ko Sukukutan da ke kan tudu, inda ruwa ke da nisa a ƙasa, zuciyarsa ba ta fi ta ɗan lambu ƙanƙanta ba. Abin da dankalin ya nuna shi ne da aka buɗe ƙofa, mutane sun shiga da gudu, ba sai da aka yi musu huɗuba ba.

Haka tsarin jinginar hatsi da aka soma gwadawa a Nijar a ƙarshen shekarun 1990 da taimakon hukumar abinci ta FAO. Matsalar da ya zo warwarewa tsohuwa ce: manomi yana sayar da gero da wake da arha lokacin kaka don biyan bashi da bukatun gida, ya dawo ya sayi irinsa da tsada lokacin bazara, sau da yawa a hannun wanda ya sayar wa. An daɗe ana kiran wannan rashin tanadi. A sabon tsarin, ƙungiyar manoma tana zuba buhunanta a sito mai kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannunta ɗaya a hannun asusun bashi, a ba kowa rance gwargwadon abin da ya ajiye. Da kuɗin yakan yi kiwo ko lambu ko ƙaramin ciniki, in farashi ya tashi ya biya ya karɓi hatsinsa. A nan maganar alhaki ta zauna daram, domin wanda ya ci bashin ya ƙi biya, buhunansa za a sayar, kuma ba shi da wanda zai zarga. Abin da ke taƙaita tsarin shi ne ƙarancin sito mai kyau da ƙarancin jarin asusun bashi a karkara, da kuma shekarun da farashi ke ƙin tashi saboda an zubo hatsin rahusa ko an hana fitar da kaya ba tare da sanarwa ba. Gina sito, ƙarfafa asusu da tsara lokacin sayar da hatsin gwamnati aiki ne na hukumar gari, na hukumar jiha da na ma'aikatar noma, kuma kasafin kuɗin kowannensu takarda ce da ɗan Kore Mai Ruwa ko Dumega yake da haƙƙin ya nemi a karanta masa.